Ranar da Aka Wanke Gilasan Kakana

Akwai wata ƙara da ba na son ji, ita ce ƙarar gilashi idan ya taɓa ɗan'uwansa a cikin ruwa. Ba ƙarar fashewa nake nufi ba, wannan 'yar siririyar ƙara ce da kofunan shayi suke yi in an zuba su a kwano ana wankewa. Shekaranjiya mai ɗakina tana wanke-wanke a tsakar gida da sabulun salo, sai ƙarar da warin sabulun suka iso mini tare. Ina zaune da littafin karatuna a cinya. Ban ƙara gane ko harafi ɗaya ba, domin hankalina ya riga ya koma gidanmu na Asawase a Kumasi, cikin wani azumi da ya faɗo a damina, ina yaro.

Ka yi haƙuri da ni, mai karatu, ban daɗe da fara riƙe biro ba. Sai da furfura ta fito mini sannan na shiga ajin manya, don haka a hankali nake tafiya, kamar mai tsallaka gotar ruwa da kaya a ka.

A hannun kakannina na tashi. Ni ne ɗan fari, tun da aka yaye ni aka miƙa ni gare su, kamar yadda ake yi a da. Gidan haya ne mai ɗakuna da yawa kewaye da tsakar gida ɗaya da famfo ɗaya. Da safe za ka ji ana Hausa a wannan ƙofa, ana Tuwi, yaren Asante, a waccan, hayaƙin gawayi da ƙamshin koko sun cika ko'ina. Kakana Bagobiri ne, yana saurayi ya zo daga wajen Maraɗi yana dakon goro. Mu a gida Baba Tsoho muke ce masa. A Zango kuwa ba a san shi da wani suna ba sai Mai Tabarau.

Yana da wani akwatin katako mai marfi. In ka buɗe sai ka ga layi-layi na ƙananan gilasai, kowanne kewayayye, bai kai bakin kofin shayi faɗi ba. Kowanne yana da zoben ƙarfe a bakinsa da ɗan kunne na riƙewa, a jikin kunnen kuma akwai wani ɗan rubutu da aka buga a ƙarfen. Ya samu akwatin ne daga wani Kwara, Balarabe mai duba ido a cikin gari, a Adum, wanda ya yi wa aiki shekaru da yawa, yana share shago yana miƙa masa gilasai. Da Kwaran zai bar ƙasar, sai ya bar masa shi a matsayin sallama. An ce da can kowane rami a cikin akwatin yana da lambarsa a rubuce a kan ƙyalle, amma laimar Kumasi da kyankyasai suka cinye ƙyallen. Sai kakana ya sa wani kafinta a Anloga ya yi masa sabon ciki, ya riƙa ɗauko gilasan ɗaya bayan ɗaya yana mayarwa yadda ya same su. Sabon cikin ba shi da rubutu ko kaɗan. Wannan bai dame shi ba, domin rubutun bai taɓa gaya masa komai ba. Bai yi boko ba, kuɗi ma da launi da hoto yake gane su.

Da gurbi ya san gilasansa. Ya kasa su gida biyu: masu tumbi, wato waɗanda tsakiyarsu ta fi kauri, na masu kasa ganin abin da yake kusa, da ramammu, na masu kasa hango nesa. A kowane rami akwai tagwaye, ɗaya na idon dama ɗaya na hagu. Daga sama suke farawa da marasa ƙarfi, masu kama da ruwan sha, su yi ta ƙara ƙarfi har ƙasa inda za ka samu masu kaurin gindin kwalba. Ya raɗa wa layukan suna. Akwai layin 'yan arba'in, akwai layin masu jikoki, na can ƙasa kuma yana ce masa layin sai addu'a.

A rumfar ƙofar gida yake aiki, a kan tabarma, kusa da bencin da dattawa suke zama jiran salla. In mutum ya zo, sai ya ɗora masa wani tabarau na ƙarfe mai nauyi wanda ba shi da gilashi, ya zura masa tagwaye a ciki. In tela ne, ya ba shi allura da zare. In malami ne, ya buɗe masa Alƙur'ani. Tsohuwa kuwa faifan shinkafa ake ajiye mata a ce ta tsince tsakuwa. Tambayarsa ɗaya ce: ya fi ko bai fi ba? In an ce bai fi ba, sai yatsansa ya sauka gida na gaba. In an ce ya yi yawa, ya koma baya. Ba ya daɗewa yake kamawa. Daga nan ya naɗe gilashin da ya dace a tsumma, mu shiga trotro, motar haya, zuwa Adum, mai shago ya karɓa ya dubi kunnen, ya ɗauko tabarau irinsa. Ni na ɗauka tsabtar gilashin yake dubawa. Ashe karatu yake yi.

Na ga tsofaffi suna kuka a rumfar nan. Wata tsohuwa da ta ga ramin allura bayan shekaru, ta riƙe hannun kakana ta yi ta sa masa albarka har shinkafarta ta zube. Da wannan akwati ake cin abinci a ɗakinmu, da shi kuma ake tashi a ba shi wuri in ya shiga masallaci.

Akwai abubuwan da na gani a lokacin amma ban fahimta ba. Ya fara sa baƙin tabarau ko da hadari ya rufe rana, mutane suka ce ƙwalisa ce ta mai sana'a. Ya fara dafa kafaɗata in za mu fita, ya ce gwiwa ce. A hanya ba ya fara gaida kowa, sai an yi masa sallama ya ji murya sannan ya kira mutum da inkiyarsa, ya tambayi iyali. Ya kan ce mini, “Abokina, shiga gaba, ni na gaji da yi maka jagora.” Ni kuwa daɗi nake ji.

Babban amininsa wani tela ne Bayarabe da shagonsa yake bakin lungunmu. Ka san Bagobiri da Bayarabe, ba sa haɗuwa a rabu lafiya. Ban taɓa jin sun gaisa kamar mutane ba. Telan zai taho tun daga nesa yana cewa ina bawana, kakana ya ce yaushe bawa ya sami bawa, dattawan benci su yi ta dariya. Amma in aka dafa wani abu mai daɗi a gidan ɗaya, sai kwano ya je gidan ɗayan.

Ranar da abin ya faru, goman ƙarshe ce ta azumi. An kwana ana ruwa, da hantsi aka ɗan sarara, na raka kakana wurin tafsiri. A gidajen Zango kuwa lokacin ne mata suke wanke komai saboda Salla: labule, tabarmi, kwanukan jere, har ƙafafun gado. Muna dawowa, tun daga soro na ji wannan ƙara. Kakata tana zaune a bakin ƙofar ɗaki da farin kwano a gabanta, tana tsamo gilasan ƙarshe daga ruwan sabulu tana gogewa da gefen zane. Akwatin yana buɗe kusa da ita, ya kusa cika, gilasan suna walƙiya yadda ban taɓa ganin sun yi ba.

Hannun kakana ya yi nauyi a kafaɗata. Ya ce, “Ƙarar mene ne wannan?”

Kakata ta ce, “Kayanka ne, Malam. Ka ga dauɗar da suka yi kuwa? Wasu har fumfuna ta fara kama su. Mai gyara wa mutane ido, kayansa kamar daga bola aka tono su. Za a ce ba ka da mata.”

Ya durƙusa, ya laluba akwatin, ya bi layin farko da yatsa. Ya tsaya. Ya sake bi daga farko.

“Yaya kika mayar da su?”

“Yadda suka zo hannuna. Ai duk girmansu ɗaya, kowane rami ya karɓi kowanne. In ma na saɓa, ka leƙa ɗaya-ɗaya ka gyara mana, kafin a sha ruwa ka gama.”

Bai yi mata faɗa ba. Ya ce mini in ɗauko akwatin mu shiga ɗaki, ita ma ta shigo, in saki labule. Da muka shiga ya zauna a bakin gado, ya cire baƙin tabarau ɗin. Na daɗe ban ga idanunsa ba. Tsakiyarsu, inda ya kamata a ga baƙi, ya yi fari-fari kamar ruwan da aka wanke shinkafa. Yanar ido ce ta rufe su duka biyu.

Ya ce, “In leƙa da me?”

Kakata ta zauna a ƙasa inda take tsaye. Hannunta bai gama bushewa ba. Ya ce haske yake gani da inuwa, ba wani abu ba, tun azumin bara hannunsa ne kawai yake aiki. Muddin kowane gilashi yana gidansa, ba ya buƙatar ido, mai idon ne zai gaya masa ya fi ko bai fi ba. A nan ta gane dalilin da ya sa gilasan suka yi dauɗa. Mutumin da ya saba yi musu huci yana gogewa kullum ya daina ganin dauɗar ne.

Sai ta ce akwai rubutu a kunnuwan, ta gani da tana wankewa, ko a kira ticha ɗan Asante da yake haya a ɗakin ƙarshe ya karanta. Kakana ya girgiza kai. Ya ce, “In ya tambaye ki me ya hana mai akwatin ya leƙa da kansa, me za ki ce masa? Kafin magariba maganar ta kai fadar Manhyia. Wa zai kawo idonsa wurin makaho?”

Saboda haka aikin ya rage a kanmu, ni da shi. Shi ya san aikin amma ba ya gani, ni ina gani amma ban san komai ba. Aka ce wa masu zuwa ba ya jin daɗi, su dawo bayan Salla. Muka shimfiɗa farin zane a ƙasan ɗaki kusa da taga, muka zube gilasan.

Raba masu tumbi da ramammu bai ba shi wuya ba, da babban yatsa yake shafa tsakiyarsu ya jefa wannan dama wannan hagu. Ina kallo sai na lura cewa duk masu tumbi suna da wata alama a kunne kamar mararrabar hanya, ramammu kuma suna da ɗan sanda a kwance. Na gaya masa. Ya ce shekarunsa nawa da akwatin nan bai taɓa lura ba. Masu kaurin gindin kwalba ma ya gane su da hannu. Matsalar tana tsakiya, a layin 'yan arba'in da layin masu jikoki, inda kusan duk mai zuwa yake samun nasa. A nan bambancin gilashi da maƙwabcinsa bai kai kaurin gashi ba, yatsa ba ya jin sa. Ya ce in leƙa in gaya masa wanne ya fi ƙarfi. Na leƙa. Idon yaro ba ya gardama, duk wanda na ɗora sai ya karɓa, in ga zaren tabarma sarai. Na ce masa duk ɗaya ne.

Sai muka koma ga rubutun. Ban san sunayen lambobin ba, don haka na raɗa musu nawa. Akwai mai kama da sanda a tsaye, akwai agwagwa, akwai ƙugiya, akwai ƙwai, akwai lauje. Tsakaninsu kuma akwai wani ɗan ɗigo wanda kakata ta ce ta kankare shi da farce bai fita ba, ta ɗauka kashin ƙuda ne. In na ɗauki gilashi sai ya buɗe tafin hannunsa, in zana masa abin da na gani da yatsana. Tafinsa busasshe ne, mai taurin tsohon dako. Ina zanawa yana motsa leɓe kamar mai tilawa. Ta haka muka haɗa tagwaye da tagwaye: agwagwa, ɗigo, ƙugiya, ƙwai, ga ɗan'uwansa can ƙarƙashin wani. Duk lokacin da muka haɗa biyu sai ya ce alhamdu lillahi a hankali.

Ruwa yana zuba a kan kwanon rufi, ɗakin yana warin laima da kafur, yunwar azumi tana damun sa amma bai kwanta ba. Da muka gama haɗa tagwayen muka jera su a kan zanen, na ɗauka mun gama. Sai ya ce, “To abokina, tsakanin agwagwa da ƙugiya, wa ya girmi wani?”

Na dubi agwagwa, na dubi ƙugiya. Na ce ban sani ba.

Ya ce, “Ni ma haka.”

Muka mayar da su cikin akwatin bisa zato. Wasu lokutan ya kan riƙe gilashi biyu, ɗaya a kowane hannu, kamar yana auna nauyinsu, ya daɗe a haka, sannan ya ajiye su duk inda ya ajiye. Kakata tana bakin ƙofa tana tsaron labule, ba ta shigowa.

Kowa ana iya sallamarsa daga ƙofa ban da telan. Ana saura kwana kaɗan Salla, bayan azahar, muka ji muryarsa daga soro: “Bagobiri, fito. An ce azumi ya kayar da kai. Dama ku ƙarfinku a baki yake.” Yaron shagonsa ne ya zauna a kan tabarau ɗinsa ya karya, ga ɗinkin Salla ya taru har rufi. Ya ce in ba a taimake shi yau ba, zai ɗinka wa mutane hannun riga a wuya.

Kakata ta raɗa wa kakana ya ce ba shi da lafiya. Ya ce wanda suka yi shekara da shekaru suna cin kwano ɗaya ba a yi masa haka. Ya sa baƙin tabarau, ya dafa ni, muka fita da akwatin. Dattawa suna kan benci suna jiran la'asar. Ya ce wa telan, “Bawa ba ya kiran ubangidansa daga soro. Zauna in taimake ka saboda Allah.”

Ya ɗora masa ƙarfen gwaji, yatsansa ya tafi layin masu jikoki, inda ya san idon telan yake, ya zura tagwaye. Telan ya ɗaga allura da zare ya ce, “Ka jefa ni rijiya.” Aka yi dariya. Kakana ya koma gida na baya, inda ya kamata ƙarfin ya ragu. Telan ya ce wannan ya fi wancan muni, allurar ta zama biyu. Kakana ya sauka gaba, telan ya ce yanzu kamar babu komai a idonsa. Ya ce, “Yau hannunka ya karya azumi ne? Da can kafin in zauna ka gama.” Aka ƙara dariya, kakana ma ya yi, ya ce idon Bayarabe ne ba ya jin magana.

Ya yi ta gwadawa. Dariyar ta fara raguwa, domin duk wanda yake bencin nan ya taɓa zama a gabansa, sun san ba haka yake aiki ba. Da ya zo zare wani gilashi daga ƙarfen, sai ya suɓuce masa. A kan tabarma ya faɗa, bai yi ƙara ba. Ya ɗan gangara ya tsaya daidai babban yatsan ƙafarsa. A daidai lokacin rana ta ɗan leƙo daga hadari, gilashin yana ƙyalli, ko daga tsallaken titi za ka hango shi.

Kakana ya miƙa hannu ɗaya gefen, yana shafa tabarma.

Na yunƙura in ɗauka, telan ya riƙe wuyan hannuna. Muna kallon hannun yana bin tabarma, ya je har bakinta, ya dawo, ya wuce gilashin da ɗan taƙi. Telan ya cire ƙarfen gwajin daga fuskarsa ya ajiye. Ya ɗauki gilashin, ya kamo hannun kakana, ya sa masa a tafi, ya naɗe masa yatsu a kai.

Ya ce, “Malam, tun yaushe?”

Ban taɓa jin ya kira shi Malam ba sai ranar.

Kakana ya ce Allah ya sani. Ya laluba ya sa gilashin a wani rami, ya rufe marfin, ya ce mini, “Abokina, kai ciki.”

Ba wanda ya yi masa dariya a Zango, kada ka ɗauka haka. Da Salla ta zo, kwanukan abincin da suka shigo ɗakinmu sun fi na kowace shekara. In ya fita sai a yi rige-rigen kama masa hannu, a riƙa gaishe shi da ƙarfi kamar kunnen ne ya mutu. Ana ba shi wuri a masallaci har yanzu, amma kusa da bango, inda ba za a taka shi ba. Sai dai ba wanda ya ƙara kawo masa idonsa. An yi maganar kai shi asibiti, ya ƙi, domin ya ga mutanen da masu sakiya suka taɓa wa ido suka rasa ɗan hasken da ya rage musu, shi kuwa a wurinsa wuƙa wuƙa ce.

Telan ya riƙa zuwa kowace Juma'a. Ya cire takalmi, ya zauna a ƙasa, ya tambayi jiki, ya yi addu'a, ya ajiye goro ya tafi. Wata rana bayan fitarsa kakana ya juyo inda yake jin numfashina ya ce, “Ka ji Bayaraben nan ya daina zagina. An yi mini jana'iza ke nan ina zaune.”

Bai taɓa ɗora wa kakata laifi ba. Na ji ya ce mata ba ita ta zuba masa yana a ido ba, ko ba a wanke gilasan ba ranar tana tafe. Ta ce ta ji. Amma daga ranar ba ta ƙara wanke wani abu na gilashi ba. Kofunan shayinta na jere ta rarraba wa maƙwabta, ko madubi in ya yi ƙura sai ta kira ni in goge. Da abinci ya fara wuya a ɗakin, aka tura ni Anloga dakon katako, maganar sa ni makaranta da aka taɓa yi ta mutu a nan. Bayan 'yan daminoni kakana ya rasu, ita ma ba ta daɗe ba ta bi shi. Akwatin ya faɗo hannuna saboda ba wanda ya nuna yana so. Na yi ta yawo da shi daga ɗakin haya zuwa ɗakin haya, a ƙarƙashin gado, ban buɗe ba.

Abin da ya kai ni ajin manya shi ne na gaji da miƙa wa 'ya'yana waya su karanta mini saƙon da aka aiko mini ni kaɗai. Malamarmu yarinya ce, sa'ar 'yata ta fari, mai haƙuri da mu. Ita ta lura ina miƙar da hannu da littafi kamar yana wari, ta ce, “Baba, ka nemi tabarau.” Na je kasuwa, na sami wani saurayi da tire cike da su, ya ce in yi ta gwadawa har in sami nawa. Da na samu, sai na ga wata 'yar takarda manne a gilashin. Mararraba, sanda, ɗigo, ƙugiya, ƙwai. Na tsaya a tsakiyar kasuwa masu kaya suna ture ni.

Washegari na kai wa malama takardar. Ta rubuta a allo da alli, +1.50, ta ce alamar farko tana nufin gilashin na ganin kusa ne, da ɗan sanda ne a kwance da na hangen nesa ne. Abin da yake kafin ɗigo shi ne cikakken ƙarfi, na bayansa ɓangare ne, kamar buhu da rabin buhu. Lamba tana hawa, ƙarfi yana hawa. Ta juya ta ce, “Shi ke nan fa, Baba.” Na ce shi ke nan? Ta ce shi ke nan.

Ranar Lahadi bayan azahar na jawo akwatin. Har yanzu yana warin kafur. Na shimfiɗa farin zane, na sa sabon tabarau, na zube gilasan. Agwagwa biyu ce, ƙugiya biyar ce, ƙugiya ta girmi agwagwa. Na fara daga masu ruwa-ruwa ina hawa, ina karantawa a fili kamar a aji. Kafin a kira la'asar kowane gilashi ya koma gidansa. Sai na rufe ido na bi layin da yatsa daga sama zuwa ƙasa, yadda yake yi. Na daɗe zaune a wurin. Abin da muka nema muka rasa yana buge a kunnen kowane gilashi, kuma ni ne na zana masa shi a tafin hannu da yatsana, ɗaya bayan ɗaya, ba tare da ni ko shi mun san amsar ce nake ba shi ba.

Yanzu ba mai buƙatar akwatin. Tabarau yana kan tire a kowace tasha. Yanar ido ma na ga waɗanda aka cire wa a asibiti, suka dawo suna karatu, har da sa'o'in kakana na lokacin. Rumfar an rushe ta an yi shagon sayar da katin waya, shagon telan kuma wasu samari ne a ciki da ba su san Bagobiri da Bayarabe suna wasa ba. 'Yata ta ce in jefar da akwatin, yana tara kyankyasai. Na ce ta bar shi.

Shekaranjiya, da mai ɗakina ta gama wanke kofunan, ta ga na yi zuru da littafi a cinya, ta tambaye ni ko lafiya. Na ce lafiya. Na ce mata in Salla ta zo, in tana so, ta fito da gilasan akwatin nan ta wanke su duka, ta zuba su a kwano yadda suka zo hannunta, zan mayar da kowanne gidansa. Ta dube ni ba ta gane ba, ta ce to. Ba laifinta ba ne. Wadda na so in gaya wa wannan magana ta daɗe a ƙasa.